Rumbu da Gwandar Daji: Sharhi a kan Littattafai Biyu Bisa ga Abin da Ya Faru a Meiganga

Akwai littattafai biyu da suka fito daga arewacin Kamaru, waɗanda ya kamata kowane ma'aikacin ikkilisiya a ƙasashen da ake jin Hausa ya san abin da ke cikinsu, ko da bai iya harsunan da aka rubuta su da su ba. Na farko shi ne Ma foi d'Africain, wato bangaskiyar mutumin Afirka, wanda Fada Jean-Marc Ela ya buga da Faransanci a 1985. Na biyu shi ne An African Tree of Life, wato itacen rai na Afirka, wanda Thomas Christensen ya buga da Turanci a 1990. Ela limamin Katolika ne ɗan ƙasa, wanda ya zauna da manoman duwatsun Mandara. Christensen ɗan mishan ne na Lutheran daga Amurka, wanda ya zauna da mutanen Gbaya, ya kuma koyar a makarantar tauhidi ta Meiganga.

Dukansu biyu sun fito kafin watan Maris na 1992, lokacin da Gbaya da Fulani suka faɗa wa juna a garin Meiganga bayan zaɓen majalisar dokoki. Wannan ne ya sa ake iya auna su da ma'auni mai gaskiya. Tambayar ita ce, da masu bi sun riƙe koyarwar waɗannan littattafai, me za ta yi musu a ranar da siyasa ta raba garinsu biyu? Ina kuma za ta gaza?

Mutumin da ya leƙa rumbu

An haifi Ela a Ebolowa, a kudancin Kamaru, a 1936. Ya yi karatu a Faransa, kuma abin da zai ba masu bi na Lutheran mamaki shi ne, digirinsa na tauhidi a Strasbourg a kan Martin Luther ya rubuta shi. A 1971 ya bar kudu ya tafi Tokombere, arewa da Marwa, wurin Fada Simon Mpecke, wanda mutane suka sani da Baba Simon, dattijon da yake yawo cikin duwatsu ba takalmi. Baba Simon ya rasu a 1975, Ela kuwa ya ci gaba da aiki a wurin har tsakiyar shekarun 1980.

Abin da Ela ya gani a Tokombere shi ne tushen littafinsa. Ya ga manomin da ake matsa wa ya shuka auduga domin a sayar waje, alhali rumbunsa na dawa yana ƙarewa tun kafin damina ta yi nisa. Ya ga haraji, da rashin ruwan sha, da yara masu mutuwa da cututtukan da ake da maganinsu. Sai ya yi tambayar da ba a saba ji a majami'a ba: wane albishir ne ikkilisiya take kawo wa mutumin da rumbunsa ya zama wofi? A ganinsa, wa'azin da ya tsaya ga ceton rai bayan mutuwa, ya bar yunwa da zalunci a hannun gwamnati da 'yan kasuwa, ya yanke Bishara gida biyu ya jefar da rabi.

Ya kuma ce ba a ɗakin karatu kaɗai ake tauhidi ba. Ana yinsa a gindin itace, inda mutanen ƙauye suke zama da yamma su karanta Littafi Mai Tsarki, su duba rayuwarsu a cikinsa. Littafin Fitowa shi ne ƙofarsa. Allahn da ya ji kukan bayi a Masar shi ne yake jin kukan manomin dutse. Har Jibin Ubangiji bai bari ba, gama ya lura cewa a ƙasar dawa da gero ana cin Jibi da alkama da ruwan inabi da aka shigo da su daga Turai, ya ga alamar dogaro ga baƙi a kan teburin Ubangiji kansa.

Mai karatu na Nijeriya zai gane wannan murya. Ta yi kama da ta Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950 domin talakawa, da ta gwamnonin PRP na Kano da Kaduna waɗanda suka soke haraji da jangali a 1979. Bambancin shi ne Ela bai kafa jam'iyya ba, bai nemi kujera ba. Ya nemi ikkilisiya ta zama wurin da talaka zai buɗe ido ya gane dalilin talaucinsa. Ya kuma biya farashin maganarsa. Bayan an kashe abokin aikinsa Fada Engelbert Mveng a Yawunde a watan Afrilu na 1995, Ela ya bar ƙasar ya tafi Kanada, a can ya rasu a 2008.

Ƙarfin littafin a bayyane yake. Ya hana mai wa'azi ɓuya. Duk wanda ya taɓa koyar da katikisma ya san yadda Luther ya bayyana roƙon abincin yini a cikin Addu'ar Ubangiji. Bai tsaya ga tuwo ba, ya haɗa da gona, da dabbobi, da lafiya, da shugabanni masu aminci, da mulki mai kyau, da maƙwabta nagari. Tun 1529 wannan koyarwa take a hannun yara. Ela, ɗan Katolika, ya tuna wa 'yan Lutheran abin da suke haddacewa ba su yi tunani a kansa ba.

Itacen da ke sanyaya gari

Littafin Christensen daga ƙasar Meiganga kanta ya fito. Garin yana kan tudun Adamawa, kimanin kilomita 160 kudu maso gabas da Ngaundere, shi ne kuma babban garin yankin Mbere. Bishara ta shigo ƙasar Gbaya ta hannun Adolphus Gunderson da ƙungiyar Sudan Mission, waɗanda suka iso a 1923 suka kafa tasha a Mbula, kusa da Meiganga. 'Yan mishan na Norway suka iso Ngaundere a 1925. Daga aikin waɗannan ƙungiyoyi biyu ne Ikkilisiyar Lutheran ta Kamaru ta tsaya da ƙafarta a 1960.

Akwai wani ɗan itace a dajin Gbaya da suke kira sore. Bahaushe ya san shi, gama shi ne gwandar daji. Ba shi da tsayi, ba a yin katako da shi, amma a wurin Gbaya shi ne abin sanyi. In an zubar da jini, ko an yi mummunar mutuwa, ko an karya doka mai nauyi, sai su ce gari ya yi zafi. Da reshen sore da ruwa ake wanke mutum, a yayyafa wa gari, a sulhunta waɗanda suka yi faɗa, a kafa sabon ƙauye. Mata suna da babban matsayi a wannan aiki na yayyafa sanyi. Christensen ya bi waɗannan al'adu ɗaya bayan ɗaya, ya kuma nuna yadda masu wa'azi na Gbaya da kansu suka fara kiran Yesu sore nasu, wato wanda jininsa ya sanyaya zafin da ke tsakanin mutum da Allah, da tsakanin mutum da ɗan'uwansa.

Kyawun wannan littafi shi ne marubucin ya saurara. 'Yan mishan na farko da yawa sun ɗauki duk abin da suka tarar a matsayin aikin duhu. Christensen ya zauna ya ji yadda mutane suke fahimtar laifi da tsarki da sulhu, ya bar su su yi magana. Ya nuna cewa Allah bai bar kansa ba shaida a cikin Gbaya, kamar yadda Manzo Bulus ya faɗa wa mutanen Listira. Wanda ya karanta shi zai daina tunanin cewa salama baƙuwar kalma ce da jirgi ya kawo.

Shekarar gwaji

A ƙarshen shekarun 1980 tattalin arzikin Kamaru ya durƙushe, farashin auduga da koko da gahawa ya faɗi. A lokacin Fentikos na 1990 bishof-bishof na Katolika suka fitar da wasiƙa a kan wahalar da ƙasa take ciki. Kadinal Christian Tumi, wanda yake babban bishof na Garwa a lokacin, yana cikin masu magana ba tsoro. A ranar 26 ga Mayu 1990 aka ƙaddamar da jam'iyyar SDF a Bamenda, aka kashe mutum shida. A Disamba na wannan shekara aka yi dokar da ta halatta jam'iyyu da yawa. A 1991 aka yi watanni ana rufe kasuwanni da garuruwa domin matsa wa gwamnatin Paul Biya. A Satumba na 1991 aka kashe tsohon babban bishof Yves Plumey a gidansa a Ngaundere.

Kowa yana maganar canji da ci gaba. Amma a arewa kalmar canji ba ma'ana ɗaya take da ita ga kowa ba. Ga Fulani da Hausawa da yawa, canji shi ne a kawar da gwamnatin da ta juya wa arewa baya tun bayan saukar Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, a 1982, da yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu 1984. Waɗannan suka bi jam'iyyar UNDP ta Bello Buba Maigari. Ga Gbaya da sauran kabilun da ba Musulmi ba kuwa, zamanin Ahijo shi ne zamanin da lamiɓe suka yi ƙarfi, aka matsa wa mutane su musulunta kafin su sami aiki ko sarauta. Tsoronsu shi ne kada canjin ya zama komawa baya. Saboda haka da yawansu suka tsaya tare da jam'iyyar gwamnati, RDPC. Kowane ɓangare yana ganin shi ne aka zalunta, kuma kowanne yana da shaidar da zai nuna.

Aka yi zaɓe ranar 1 ga Maris 1992. Cikin kujeru 180, RDPC ta sami 88, UNDP 68, UPC 18, MDR ta Dakole Daisala 6. Ba a daɗe ba faɗa ya ɓarke a Meiganga tsakanin Gbaya da Fulani, aka rasa rayuka, aka yi ɓarnar dukiya. Masanin al'adu Philip Burnham, wanda ya san ƙasar Gbaya tun ƙarshen shekarun 1960, ya rubuta littafi a 1996 domin bin sawun wannan rikici. Ya nuna cewa tushensa ya wuce zaɓe: akwai tunawa da zamanin farautar bayi daga Ngaundere, da gardamar shanu da gonakin rogo, da rinjayen Musulmi a kasuwa, da raini na yau da kullum. A wannan shekara ɗaya aka yi rikicin Zangon Kataf a Nijeriya, a Fabrairu da Mayu, wanda ya tashi daga gardamar matsar da kasuwa. Masu bi na Kaduna da Jos da Numan ba sa bukatar a bayyana musu yadda irin wannan wuta take kamawa.

Abin da ya biyo baya ya isa darasi. Dakole Daisala ya haɗa kujerunsa shida da na RDPC ya zama minista a 1992. Kafin shekarar ta ƙare manyan UNDP biyu, Hamadu Mustafa da Isa Ciroma, suka shiga gwamnati. A 1997 Bello Buba da kansa ya shiga. Manya suka zauna a tebur ɗaya a Yawunde. Waɗanda aka binne a Meiganga ba su tashi ba. A 1993 aka zabge albashin ma'aikata, a Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kuma tsadar gishiri da magani ba ta tambayi kowa kabilarsa ba.

Inda Ela ya gaza

A nan ne raunin littafin Ela yake fitowa. Duniyar da ya zana tana da ɓangare biyu, masu danniya da waɗanda ake dannewa. A Tokombere wannan hoto yana kusa da gaskiya, gama manomin dutse yana fuskantar hukuma da kamfani da ɗan kasuwa. A Meiganga kuwa talaka ne ya tasar wa talaka. Manomin rogo da shanu suka cinye gonarsa matalauci ne. Bororon da 'yan fashin hanya suka sace ɗansa, ya sayar da garkensa domin fansa, shi ma matalauci ne. Haka mahaucin Bahaushe da mai ɗinkin hula a bakin kasuwa. Littafin bai ba da fili sosai ga Musulmi talaka ba, kuma mai karatun da bai yi hankali ba zai iya fita da tunanin cewa talaucin arewa na waɗanda ba Musulmi ba ne kaɗai.

Haɗarin karanta Fitowa ba tare da sauran Littafi ba shi ne, duk wanda ya ɗauki kansa Isra'ila sai ya nemi wanda zai kira Masar. In ya duba bai ga Fir'auna kusa ba, sai ya ɗora sunan a kan maƙwabcinsa. Kalmar Kirdi, wadda dā zagi ce ga waɗanda ba Musulmi ba, ta zama tutar siyasa a shekarun 1990, kuma waɗanda suka ɗaga ta sun sami kujeru da ita. Adalci ne a faɗa cewa Ela bai taɓa kiran kowa ga faɗan kabila ba, kuma babban zarginsa a kan masu mulki da manyan birni yake. Amma littafi ba ya bin mai karatunsa gida. Da ya tsaya a kan abin da Fitowa ta faɗa, cewa taron mutane gauraye ne suka fita tare da Isra'ila, da kuma cewa 'yar Fir'auna ce ta ceci Musa daga ruwa, da ya toshe wannan ƙofa.

Akwai kuma batun rumbu. Yusufu ya tara hatsi a Masar ya ciyar da Masarawa da baƙi baki ɗaya, wannan yana cikin Farawa sura 41. Amma sura 47 ta nuna yadda wannan rumbu ɗaya ya mai da gonakin mutane da su kansu mallakar Fir'auna. Duk mai neman ci gaba yana bukatar surorin biyu. Ela ya iya nuna rumbun da ya zama wofi, amma bai daɗe a kan tambayar wanda zai riƙe mabuɗi in an cika shi ba. Zunubi ba ya ƙarewa ranar da talaka ya hau kujera. Rauni na ƙarshe kuma shi ne harshe. An rubuta littafin da Faransanci mai nauyi, aka buga shi a Paris, manomin da ake magana a kansa ba zai iya karanta shafi ɗaya ba sai an sami mai fassara masa.

Inda Christensen ya gaza

Raunin Christensen yana ɗaya gefen. Littafinsa cike yake da ruwa da ganye da ma'anar alamu, amma kasuwa da kotu da ofishin hukuma ba su cika bayyana a ciki ba. Ya fito shekara biyu kacal kafin rikicin, a kan mutanen da rikicin ya shafa, duk da haka mai karatu ba zai ji ƙamshin hayaƙin da ke tafe ba. Wanda yake so ya san dalilin zafin garin sai ya koma ga Burnham.

Sanyin da bai taɓa dalilin zafi ba, na ɗan lokaci ne. Annabi Irmiya ya tsauta wa waɗanda suke ɗaure babban rauni da ɗan tsumma suna shelar salama. In shanu sun ci gona, mai gona ya kai ƙara, aka karɓi cin hanci aka kore shi, ba reshen itace ne zai kwantar masa da zuciya ba, sai an biya shi. In an kashe saniyar makiyayi da dare, shi ma sai an biya. Zakka mai karɓar haraji bai tsaya ga karɓar Yesu a gidansa ba, ya mayar da abin da ya ƙwace har riɓi huɗu. Masu mulki suna son ikkilisiyar da take wa'azin zaman lafiya kawai, gama ba ta tambayarsu kome. Gaskiya ne zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, amma ɗan sarki ne ya fi kowa son a riƙa maimaita wannan karin magana.

Abu na biyu, sore na Gbaya ne. Bafulatani da Bahaushe ba su san shi da wannan ma'ana ba. In masu bi suka ce Yesu sore ne, sa'an nan suka tsayar da sanyinsa a bakin iyakar kabilarsu, sun mai da Ubangiji ɗan gari ɗaya. Fassara Littafi Mai Tsarki cikin harshen Gbaya, aikin da Philip Noss da abokan aikinsa suka ba shekaru masu yawa, babbar albarka ce. Amma abin da ya ɗaga kan kabila yana iya zama abin fahariya a kan wata, in ba a tuna cewa gicciye ya rushe katangar da ke tsakanin Bayahude da Ba'al'umme ba.

Abin da tarihin ikkilisiya ya riga ya nuna

'Yan Lutheran suna da koyarwa cewa Allah yana mulki da hannu biyu, ɗaya ta wurin Bishara, ɗaya ta wurin hukuma. Sau da yawa an mai da ita hujjar yin shiru. Luther kansa ya yi tuntuɓe a nan, gama a 1525 ya goyi bayan sarakunan Jamus da kalmomi masu zafi sa'ad da suke murƙushe tawayen manoma, aka kashe dubbai. Amma shi ne kuma a 1523 ya rubuta gabatarwa ga dokar asusun gari na Leisnig. An yi akwati mai makulli huɗu dabam dabam, aka zaɓi mutum goma daga manya da 'yan majalisa da mutanen gari da manoma su lura da shi. Daga ciki ake biyan malamin makaranta, a taimaki marayu da gajiyayyu, a ranta wa masu sana'a, a sayi hatsi a ajiye domin shekarar yunwa. Ga rumbun Ela, ga kuma amsar tambayar mabuɗi: ba a bar shi a hannun mutum ɗaya ba.

A Adamawa ma an ga irin wannan. A shekarun 1950 Halfdan Endresen, ɗan mishan na Norway a Ngaundere, ya karɓi bayin da suke gudu daga gidajen masu sarauta, ya yi ta kai ƙara ga hukumar Faransa har maganar ta fita waje. Wannan siyasa ce, ko da ba ta jam'iyya ba ce, kuma bai tambayi mai gudu addininsa kafin ya buɗe masa ƙofa ba. Asibitocin ikkilisiya na Ngaundere da Ngaubela da Garwa Bulai sun yi shekaru suna jinyar Musulmi da Kirista a ɗaki ɗaya. Wannan shi ne amfanin kowa da kowa a aikace, kuma shi ne abin da Irmiya ya umarci kamammu a Babila, su nemi lafiyar birnin da ba nasu ba, gama lafiyarsu a ciki take.

Gwaji na biyu ya zo a 2014, sa'ad da yaƙin Afirka ta Tsakiya ya koro dubban mutane zuwa yankin Mbere, aka kafa musu sansani a Borgop da Ngam. Yawancinsu Musulmi ne, makiyaya da 'yan kasuwa, masu gudun mayaƙan da suka fito daga cikin Kirista da masu bin al'ada. A can ƙetaren iyaka Fada Bernard Kinvi ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi a asibitin mishan na Bossemptele. Babban bishof Dieudonne Nzapalainga na Bangi ya saukar da Imam Umar Kobine Layama a gidansa, su biyu da Fasto Nicolas Guerekoyame suka yi ta yawo tare suna kashe wuta. Waɗannan mutane sun yi abin da littattafan biyu suka kai bakinsa ba su ƙarasa ba. Sun tsaya wa wanda ake zalunta, sun kuma kai sanyi ƙetaren iyakar addininsu.

Hukunci

Littattafan biyu nagari ne, kuma bai kamata a karanta ɗaya a bar ɗaya ba. Mai bin Ela kaɗai zai iya zama mai fushi da ya san sunan maƙiyinsa fiye da sunan maƙwabcinsa. Mai bin Christensen kaɗai zai iya zama mai yayyafa ruwa a kan gidan da ake ci gaba da sata a cikinsa. In dole ne a fifita ɗaya, na Ela ya fi gaggawa, domin jarabar yin shiru ta fi yawa a cikin ikkilisiyoyin da mishan ya haifa. Amma sai a karanta shi da gyara guda: a sa Bororo da mahauci da almajiri cikin talakawan da Allah yake jin kukansu.

Daga nan ma'auni yake fitowa ga mai bi a lokacin zaɓe. Jam'iyyar da ta ce ita ce ta ci gaba, a tambaye ta rijiyar da za ta haƙa wa zai sha, burtalin shanu da iyakar gona wa zai shata, kuma wa zai riƙe mabuɗin asusu. In amsarta ita ce mutanenta kaɗai, to, ba ci gaba ba ne, ko da ɗan ikkilisiya ne yake ɗauke da tutarta. Bagadi ba dandalin kamfe ba ne, amma dattawan ikkilisiya suna da iko su zauna da limamai da arɗo-arɗo tun kafin kaka, su daidaita yadda za a biya ɓarnar gona da ta dabba, su kuma raka mai ƙara zuwa gaban hukuma ko wane ne shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya kamata makarantun tauhidi da na masu bishara, daga Meiganga har Bukuru, su sa a taƙaita waɗannan littattafai cikin Hausa da Fulatanci da Gbaya, domin a karanta su a gindin itace inda Ela ya ce a nan ne wurinsu. Gwandar daji tana tsirowa a gonar manomi da makiyayar Bafulatani duka, ba wanda ya shuka ta. Ubangiji ya ba ikkilisiyarsa idon da zai ga rumbun maƙwabci, da zuciyar da za ta nemi lafiyar gari duka. Amin.